Wanda Aka Cinye Shi Ne Ya San Ba a Cakuɗa Ba

A Amurka da Turai akwai wata al'ada ta daren Juma'a da ba ta shafi gidan rawa ba. Manyan mutane, wasu har da furfura a gemu, sukan taru a ɗan shagon kayan wasa, su zauna biyu-biyu suna buga kati mai zanen dodanni da matsafa. Wanda ya fi suna shi ne Magic: The Gathering, da wani malamin lissafi mai suna Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Yana da ƙanne 'yan Japan, su Pokémon da Yu-Gi-Oh. Ba caca ake yi ba. Abin da gwanin dare zai tashi da shi bai wuce 'yan ƙunshin sababbin katuna ba, sau da yawa ma kuɗinsu bai kai na man da ya ƙona zuwa wurin ba. Duk da haka sai an ajiye alƙali, kuma cikin ƙararrakin da ba sa ƙarewa a gabansa akwai ta mutumin da ya rantse ba a cakuɗa kati da kyau ba.

Dalilin rigimar a fili yake. Kowa da tarin katinsa yake zuwa, aƙalla 60, kuma wajen 24 daga ciki ana ce musu ƙasa. Su ne jarin wasan, sai da su ake iya sauke sauran. In suka yi maka yawa a hannu, ga jari ba haja. In suka ƙi zuwa, kana riƙe da dodon da zai gama wasa, kana kallo yaron da bai kai ɗanka ba yana yi maka fata-fata. Saboda haka wasu suka samo dabara. Kafin a zauna sai mutum ya jera katinsa da hannu, biyu na faɗa ɗaya na ƙasa, biyu na faɗa ɗaya na ƙasa, har ƙarshe, sannan ya ɗan jujjuya su sau biyu cikin ladabi ya miƙa. In aka yi magana ya ce ai don kada su dunƙule ne.

Amsar alƙalai a nan ta burge ni, don ba ta bar ƙofar gudu ba. In cakuɗar da ka yi bayan jeri ta isa, to jerin ya rushe, ka yi wahalar banza. In kuwa jerin ya yi maka amfani, cakuɗar ba ta isa ba ke nan, ka yi maguɗi. Sai ka zaɓi wanda za a rubuta maka. Kamar mai dafa garau-garau ne da zai zauna ya jera wake ɗaya bayan kowace ƙwayar shinkafa biyu, sannan ya sa muciya. Abin mamaki, ba a cika samun mai karɓar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kowa yana da hanya ta uku: ba ya taimaka masa, amma ba zai daina ba.

Akwai kuma mai tsibi-tsibi. Shi wannan zai raba katinsa gida shida ko bakwai a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke, ya tattara, ya sake. Dokar gasar Magic ta ce wannan ƙirga ne kawai, ba ta ɗauke shi cakuɗa ba, kuma sau ɗaya aka yarda a yi shi a farkon kowane wasa, domin wanda ya san inda kati yake kafin ya fara ya san inda zai faɗa. Amma ka je ka faɗa wa mutumin da ya shekara goma yana yi. Zai dube ka duban wanda aka ce wa maganin da ya gada a wurin kakansa ruwa ne.

Doka ta ba abokin karawa damar ya karɓi katinka ya ƙara cakuɗawa, a nan ne kuma zumunci ke shiga uku. Katunan nan ba na kasuwar ƙauye ba ne. Akwai wanda ake kira Black Lotus da aka sayar da guda ɗaya fiye da dala dubu 500 a 2021. Ko na talaka ma kowane ɗaya yana cikin rigarsa ta leda. To, mutumin da ya gama huɗuba a kan adalci, da zarar ka ɗauki tarinsa za ka ji numfashinsa ya sauya. Ka cakuɗa sosai, ya ce za ka lanƙwasa masa dukiya. Ka taɓa sama-sama, in ya faɗi ya ce ba ka cakuɗa ba. In ka ƙara zagaye ɗaya kuma, ashe ɓarawo ka ɗauke shi. Tun da taron na nishaɗi ne, an umarci alƙali ya fi ba da ƙarfi ga koyarwa a kan hukunci, don haka sai ka ga bawan Allah tsaye yana koya wa uban 'ya'ya uku yadda ake riƙe kati.

Masana lissafi sun daɗe da yanke wannan shari'a, sai dai ba mai son hukuncin. A 1992 Dave Bayer da Persi Diaconis suka nuna cewa karta mai 52 tana buƙatar kusan sau bakwai na irin cakuɗar da ake raba ta biyu a saƙa rabi cikin rabi. Diaconis ɗin nan ba baƙon hannu ba ne: yana ɗan shekara 14 ya bar gida ya bi wani gwanin rufa-ido, Dai Vernon, kafin ya koma makaranta ya zama farfesa a Stanford. Ita kuwa irin tamu, ta zaro ɗan tsibi daga baya a jefa gaba, sai an yi ta sau dubbai kafin ta kai. Ga kuma abin da zai hana ka barci: in gwani ya saƙa kartar daidai wa daida, ɗaya bayan ɗaya, na sama yana zama a sama, sau takwas, za ta koma yadda take tun farko. Wato wanda hannunsa ya fi kyau shi ya fi cancanta a sa wa ido.

Matsalar ita ce cakuɗa ta gaskiya ba ta da kyan gani. Takan kawo ƙasa biyar a jere, takan hana ka ko ɗaya. Lokacin da aka fara sa kwamfuta ta raba kati a gasar karta ta Bridge, 'yan wasa sun yi ta ƙorafi wai rabon ya haukace, alhali raunin cakuɗar hannu ne ya saba musu da rabo mai lumana. A Magic na intanet ma, wanda ake kira Arena, zagin na'urar cakuɗa ya zama sana'a. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa a wasan zagaye ɗaya na'urar takan duba hannun farko fiye da ɗaya ta miƙa maka wanda ƙasarsa ta fi daidaita. An sa hannu a rabo don a faranta wa 'yan wasa, ba su kuma daina cewa an sa hannu ba.

Kada mu yi wa Turawa dariya da yawa, laifi tudu ne. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa bayan la'asar ana buga Whot, kartar nan da ta fito daga Ingila a shekarun 1930 ta zama 'yar gida a Najeriya, ya san mu ma muna da malamai a wannan fanni, kuma ba sa bayyana sai an cinye su. Mutum zai ci sau uku a jere bai ga aibin kowa ba. Da zarar an jera masa ɗauki biyu, aka bi da lamba 14 aka tura shi kasuwa, sai ilimi ya motsa.

"Haba Malam, wannan ai ba cakuɗa ba ce, shafa ce. Tun ɗazu duk masu lamba 20 ɗin hannunka suke zuwa."

"Alhaji, ai da irinta ka ci mu ɗazu."

"Ɗazu daban. Ɗazu Allah ne ya ba ni."

Mu ba mu da alƙali mai riga, sai dattijon da ba ya wasa, yana gefe da rediyonsa, wanda hukuncinsa kullum ɗaya ne: a sake. Wasu majalisun sun yi hikima, suka ce wanda aka cinye shi zai cakuɗa ya raba, don a toshe bakinsa. Sai Alhaji ya karɓa ya gyara zama, ya buga ta a gwiwa, ya hura mata iska, ya raba ta uku ya haɗa, ya sa ƙaramin yaro ya taɓa don albarka, har mai shayi ya gaji da jira. Ya raba da hannunsa, aka sake cinye shi, kati goma sha ɗaya a hannu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗago.

"Wai tsaya. Wa ya yanka?"