Sarakunan Dogo na Ƙarƙashin Gida

A Jamus da Ingila da Amurka akwai wasu dattawa da idan an gama cin abincin dare sai su sulale su gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko su taka tsani su shige ƙarƙashin rufin gida, ba a sake jin ɗuriyarsu sai dare ya raba. Ba caca suke yi ba, ba kuma wata ce ta ɗauke musu hankali ba. Ƙasa suke ginawa. A kan faffaɗan teburin katako suke shimfiɗa layin dogo, su tayar da duwatsu da filasta, su dasa itatuwa masu tsawon ɗan yatsa, sannan su saki jirgin ƙasa mai lantarki wanda kansa bai fi tafin hannu ba. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ya san daɗin abin, bambancin kawai shi ne waɗannan suna da furfura da kuɗin fansho.

Ciwon ya daɗe. Tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus yake sayar da ƙaramin jirgi da layinsa, Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, Hornby kuma a Ingila a 1920. Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne HO, inda ake rage kowane abu sau 87, har ƙato ya koma santimita biyu. Daga nesa duk masu abin kamarsu ɗaya. Sai ka zauna da su za ka ga kowa da irin tasa taɓuwar.

Akwai mai zane. Shi wannan ya riƙe karin maganar nan ta shirin zaune ya fi na tsaye, har ya manta da tashi. Yana da takardun zane cike da durowa, yana da tulin mujallar Model Railroader, wadda ke fitowa tun 1934, ya san inda kowace gada za ta zauna da inda layi zai karkata. Katako ko ɗaya bai yanka ba. Da fari yana jiran ɗan autansa ya tafi jami'a ya bar masa ɗaki. Yaro ya tafi, sai ya koma jiran ritaya. Ritaya ta zo, sai ya gano zanen yana da kuskure a kusurwar gabas, dole a sake daga farko. Jirginsa bai taɓa gocewa daga layi ba, yana kuma yawan faɗin haka a taro.

Wanda kowa ke tsoro shi ne mai ƙirga ƙusa. Yakan zo gidanka da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ka yi shekara uku kana gina tasha, ka kunna masa jirgi yana tafiya luwai-luwai, shi kuwa sai ya duƙa, ya yi shiru, ya ɗago ya ce irin wannan taragon ba a fara shafa masa wannan fenti ba sai bayan an daina aiki da irin wannan kan jirgin. Shi ke nan, ya gama gaisuwa.

Ingila ce hedikwatar wannan dangi, kuma suna da dalili. Ma'aunin da Ingilishi suka fi so, OO, yana rage jikin jirgi sau 76, amma yana ɗora shi a kan layin HO mai faɗin milimita 16.5. Wato jirgin ya fi layinsa girma kaɗan. Mutum mai lafiya ba zai taɓa lura ba. Su sun lura, abin kuma ya hana su barci. Wasu suka ɓalle suka ce layi ya zama milimita 18.2, suka kira kansu EM. Wasu suka ce ai wannan ma ha'inci ne, lissafi na gaskiya 18.83 ne, suka zama P4. Tsakanin ɓangarorin biyu ko milimita ɗaya babu, amma kowanne da ƙungiyarsa da mujallarsa, kuma jirgin wannan ba ya zama daidai a layin wancan. Na sha jin rabuwar kai a kan gado da filin gona, amma a kan kaurin farce sai a wajensu.

Mai kwali ba shi da dogon bayani. Yana saye, yana jerawa a kanta, ba ya buɗewa, domin buɗe kwali yana rage daraja. Jiragensa ɗari ba wanda ya taɓa taka layi.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne mai gyaran ƙasa. Shi jirgi bai dame shi ba, hujja ce kawai ta gina gari. Zai yi wata guda yana dasa ciyawa da hantsaki, ya shanya wa wata tsohuwa wanki a bayan gida, ya tsayar da ɗan sanda yana rubuta wa mai mota takarda. Zai sayi kan jirgi sabo fil da kuɗi masu ciwo, ya dawo gida ya shafe shi da garin alli da baƙin fenti har ya yi kama da wanda ya shekara talatin yana jan kwal, sannan hankalinsa ya kwanta. Ka tambaye shi ko jirgin yana tafiya, sai ya ce yana jin yana yi, bara ma ya gwada. Mawaƙin nan Rod Stewart ɗan wannan gida ne. Shekara 23 ya yi yana gina birnin Amurka irin na shekarun 1940 a saman gidansa na Los Angeles, kuma idan ya fita yawon waƙa yakan kama ƙarin ɗaki a otal don aikin gine-ginensa. Dubban mutane suna kururuwar sunansa a fili, shi kuwa hankalinsa yana kan ko gam ya bushe.

Shi kuma mai waya, ƙafafunsa kawai baƙi suka sani, domin sauran jikinsa yana ƙarƙashin tebur da dalma a hannu. A sama babu ciyawa, babu gida, katako ne tsirara. A ƙasa kuwa wayoyi ne launi-launi, kowace da lambarta. Tun da aka kawo tsarin DCC, wanda ke sa kowane kan jirgi ya amsa umarninsa shi kaɗai ko da layi ɗaya suke, ya ƙara nutsewa. Yanzu yana iya busa ƙahon jirgi daga wayar salularsa yana bayi. Kada dai a raina shi: a ƙungiyar ƙananan jirage ta jami'ar MIT, wadda aka kafa a 1946, 'yan ƙarƙashin tebur ne suka zama wasu daga cikin gwanayen kwamfuta na farko. Wannan labari ma shi zai ba ka, daga can ƙasa, ko ba ka tambaya ba.

Sai sarkin tasha. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana ƙorafin aikin ofis, da ya yi ritaya sai ya gina wa kansa ofis. Yana gayyatar abokai ranar Asabar, ya raba musu muƙami, wannan direba, wancan mai ba da hannu, kowa da jadawali da takardar kaya. A bango akwai agogo na musamman mai gudu, wanda awa guda ke wucewa a minti goma. Tarago mai lamba kaza zai kai hatsi masana'anta, alhali hatsin babu, masana'antar kuma kwali ce. Idan ka makara da minti biyu na wannan agogon ƙarya, da gaske zai ɓata rai. Jirgi ba ya zagaye don nishaɗi a gidansa. Ka ce a sake shi ya ɗan yi gudu, sai ya dube ka kamar ka nemi a yi rawa a kotu.

Dukansu kuwa, in an bar su, mai mamaya suke komawa. Da tebur ɗaya ake farawa a kusurwar gareji. Bayan shekara mota ta koma kwana a waje. Sai wata rana uwargida ta ji ƙarar na'urar huda bango, ta leƙo.

"Maigida, me kake yi wa bangon ɗakin wanki?"

"Ɗan rami ne kawai, jirgi zai juyo ta bayan injin ya dawo."

Ita ta san ɗan rami, ta ga na farko da na biyu. Ƙarshen wannan hanya yana birnin Hamburg, inda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe Miniatur Wunderland a 2001 cikin tsofaffin rumbunan kaya na bakin ruwa. Layinsu ya haura kilomita 16, dare yana yi gari yana wayewa duk minti 15, har filin jirgin sama suka ƙara a 2011. Duk mai mamaya ya haddace waɗannan alƙaluma, da su yake nuna wa iyalinsa cewa shi mai sauƙi ne.

Abu ɗaya ke haɗa kan waɗannan dangogi, shi ne abokan gaba. Ƙura tana hana wuta bin layi. Kyanwa ta ɗauki ramin dutse ɗakin kwananta, jirgin ƙarfe tara ya shiga bai fito ba. Amma babbar musiba jika ne ɗan shekara shida, wanda saboda shi aka ce an fara ginin tun asali. An ɗora shi a kan kujera, an ce ya harɗe hannu a baya, ya kalli jirgi ya zagaya sau biyu. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, in ka saki wancan ma, za su yi karo?" Mai ƙirga ƙusa ya dafe ƙirji, sarkin tasha ya duba jadawali, mai waya kuwa daga ƙarƙashin tebur ya amsa cewa zai yiwu, in aka ba shi minti goma.