Wasiƙa Daga Takoma: A Nan Ruwa Ake Fara Tambaya

Takoma, jihar Washinton, Amurka

Zuwa ga taubashina, gwanin homa,

Saƙonka ya iso, har da dariyar da ka ce kun sha a bakin kogin Matan Fada, da kuka ji wai masuntan ƙasar nan sai sun tambayi hasken ruwa kafin su ɗauki fatsa. Ka ce iyayi ne na wanda ya ƙoshi. To gyara zama, bawana, bana da karatu zan biya ka kuɗin shara, domin a wannan magana gaskiya na wajen mutanen nan.

Sai ka san kifin tukuna. Salmon mai ruwan hoda shi ne ƙarami a dangin salmon na tekun Fasifik, yawanci bai fi kilo 2 ba, kuma in lokacin ƙwai ya zo namijin yakan fitar da tozo kamar bijimi. Shekara 2 ce duk rayuwarsa. A koguna irin su Sikajit da Sinohomish da Fiyalaf, ayarinsa na shigowa ne a shekarun mara, kamar 2023 da 2025, daga Agusta zuwa Satumba. Da zarar ya baro teku ya shiga ruwan daɗi sai ya ɗauki azumin da babu buɗa baki, ya yi ƙwai, ya mutu. Wanda ba ya ci, da wane koto za ka yaudare shi? Masu fatsa kan jefa masa ɗan ƙarfe ko gashi mai ruwan hoda, abin ya yi ta tsalle a gabansa har ya fusata ya kai cafka. Duk dabarar a kan idon kifi take, abin da bai gani ba kuwa ba zai yi faɗa da shi ba.

Na san za ka ce tun 1934 ake bikin Argungu a ruwan da dubban ƙafafu suka dama kamar kunu, kuma ana fito da giwan ruwa. Haka ne, na sara maka. Amma homa ba ta neman yardar kifi, rufe shi take yi. Tarwaɗarku ma da gemunta take lalube a duhu, ba ta bukatar gani. Abin da ya fi kusa da kamun kifi a ruwa gurɓatacce shi ne mamari, ƙugiyoyi babu koto suna cakar duk wanda ya gifta. A wajenka abincin gida ne, ba abin zargi ba. A nan kuwa mai kamun nishaɗi lasisi ya saya, kuma doka ta hana shi cakar kifi da gangan. Wanda ƙugiya ta kama a ciki ko a wutsiya dole a sake shi. Saboda haka hasken ruwa ne ke raba kamun da doka ta yarda da shi da wanda ta hana. Ba kuma ruwa garau kamar na randa suke so ba, don a irinsa kifi na hango mutum ya tsorata. Sun fi son bayan ruwan sama, kogi ya cika ya fara sauka, ya yi kore-kore.

Akwai hujjar da ta fi taka ƙarfi, bari in ara maka. Kogin Fiyalaf daga ƙanƙarar dutsen Reniya yake saukowa, da zafi ruwansa kan yi fari-fari saboda garin dutse da ƙanƙara ta niƙa, amma kifi na cika shi. Gaskiya ne, domin da hanci yake gane hanyar gida. Sai dai wucewa daban, haihuwa daban. A cikin tsakuwa macen ke binne ƙwanta, ya kwana can duk hunturu yana shan iskar da ruwa ke ratsowa da ita. In laka ta zaizayo daga gangaren da aka sare wa itatuwa ta toshe tsakuwar, ƙwan ya shaƙe. Tun da kuma duk ayarin sa'o'in juna ne, babu yayye ko ƙanne da za su cike gurbi: ɓarnar bana, bayan shekara 2 za a ga kogi ya rame. Mutumin da ya saba duba launin ruwa kowace safiya shi ne na farko da zai lura in ƙasa ta fara zubowa cikin kogi.

Don Allah, in ka koma Matan Fada, ka tambayi tsofaffin Sarkawa yadda zurfinsa da launinsa suke a ƙuruciyarsu, ka rubuto mini abin da suka ce. Ka gaida Gwaggo da kyau.

Naka ubangida,
taubashinka na Takoma