Kiwon Kyankyaso: Sana'ar da Muka Daɗe Muna Yi Kyauta

Wayoyin yaranmu sun kawo mana labari har Kwaja, nan kan duwatsun iyakar Kamaru, cewa a Amurka da Turai mutum mai hankalinsa yakan zaro kuɗi ya sayi kyankyaso. Ana ƙirga masa su a roba, a rufe, a aiko masa har ƙofar gida, ya sa hannu ya karɓa yana godiya. Idan ya buɗe ya tarar wasu sun mutu a hanya, sai ya kai ƙara a biya shi.

Dalili kuwa shi ne suna kiwon kadangare. Akwai wani mai gemun ƙaya da asalinsa daga Ostireliya yake, akwai kuma wata tsaka mai zanen damisa daga wajajen Pakistan da Afganistan. Ana ajiye su a akwatin gilashi, a kunna musu fitila, a raɗa musu suna, in sun yi rashin lafiya a kai su wajen likitan dabbobi. Tsakar da mu in muka gani a bango sai takalmi, ita ce can take da katin asibiti. To waɗannan bayin Allah ƙwari suke ci, kuma sayen ƙwari kullum tsada ne, shi ya sa mai kadangare yake buɗe kiwo na biyu a ƙarƙashin gado domin ciyar da na farko.

Kyankyason da suka fi so ana ce masa dubiya, ɗan asalin Kudancin Amurka. Mai ladabi ne. Ba ya iya hawa bango mai santsi, namijin yana da fiffike amma ba kasafai yake tashi ba, macen kuma ba ta yar da ƙwai a lungu, a cikinta take riƙe su har ta haifi 'ya'ya wajen ashirin zuwa talatin da wani abu a lokaci guda. Ga kuma ƙa'idojin kula da shi, sai a karanta a natse. A samo babbar roba mai murfi, a huda ta a sa raga domin iska. A jera kiret ɗin ƙwai a tsaye, kowa ya sami ɗakinsa, kashi ya riƙa zubowa ƙasa. Zafi ya kasance wajen digiri 28 zuwa 35, domin in sanyi ya yi yawa haihuwa takan tsaya. Namiji ɗaya ga mata uku zuwa biyar, don in maza suka yi yawa sai faɗa da cizon fiffike. Ba a sa ruwa a buɗaɗɗen kwano, ƙananan za su nutse. Abinci kuwa karas, lemo, kabewa da ɗan garin hatsi, abin da ya rage a kwashe kafin ya yi fumfuna, domin fumfuna na iya ƙarar da garken gaba ɗaya. Kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa su ga kadangare, a ƙoshe su da ganye mai kyau, sannan a barbaɗe su da garin sinadarin ƙarfafa ƙashi, don kada ƙashin kadangaren ya yi laushi.

Mai karatu ya sake duba jerin nan: iska, ɗaki ba cunkoso, ruwa mai tsabta, kayan lambu kullum. Ɗalibin da ke haya a kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, su shida a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, in ya ga wannan zai nemi fom.

A ƙaddara ɗaya daga cikinsu ya zo hutu gida da wannan ilimi, ya sami baffansa a gindin bishiya, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baffa, jari nake nema. Kiwo zan fara."

"Madalla, ɗana. Awaki ko tumaki? Ka ga kasuwar shanu ta Mubi, daga akuya ɗaya wasu suka fara."

"Kyankyaso ne, Baffa."

Baffa ya yi shiru, ya kalli yaron daga hula zuwa takalmi. "Kuɗin makarantar nan da muka sayar da gyaɗa muka biya, wannan suka koya maka?"

"Da dala ake saye, Baffa."

Baffa ya gyara zama, ya rage murya. "Da dala? To, kada ka gaya wa kowa tukuna. Guda nawa suke so? Akwai su a ɗakin Goggonka."

A nan Baffa ya faɗi gaskiyar da masana ba su kula da ita ba. Mu ne gwanayen wannan kiwo, kuma ba mu taɓa karanta littafi a kai ba. Bature yana fama da na'urar auna zafi, mu kuwa bayan murhu da ƙarƙashin firijin da ya mutu tun bara sun wadatar. Yana sayen kiret ɗin ƙwai, mu kuwa ba mu taɓa yar da kwali ba: kwalin talabijin, kwalin fanka, kwalin taliyar bikin da amaryarsa ta yaye 'ya'ya biyu, duk suna saman sif, wai wata rana za su yi amfani. Sun kuwa yi. Yana auna abinci da cokali, mu kuwa kwanukan tuwon dare sai su kwana a tsakar gida, ana cewa wanke-wanken dare ba kyau. Ga kwanukan jere da ba a taɓa ci a ciki ba, ga akwatunan lefe da ba a buɗewa sai za a nuna wa baƙi, ga kwatar ƙofar gida da kowane maƙwabci yake jiran ɗan'uwansa ya fara yashewa. Namu garken bai taɓa yin annoba ba. Amma ka tambayi kowace uwargida, za ta rantse maka cewa daga gidan maƙwabta suke shigowa.

Akwai ma ƙarin takaici. Babban jan kyankyason nan mai tashi sama ya tarwatsa hira, wanda Turawa ke kira na Amurka, masana sun ce asalinsa daga Afirka ne, jiragen ruwa ne suka ƙetara da shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Wato ɗan gida ne ya tafi ci-rani ya dawo da sabon suna. A ƙasar Sin, a birnin Xichang na lardin Sichuan, irinsa ake kiwo a wata katafariyar gona da rahotannin 2018 suka ce tana samar da kimanin biliyan 6 a shekara don haɗa magani. A birnin Jinan kuma, in ji rahotannin wannan shekarar, an tara wajen biliyan ɗaya suna cinye ragowar abinci kimanin tan 50 a kullum. Su sun ba shi aiki, mu mun ba shi masauki da abinci ba haya.

Abin tsoron shi ne ranar da wannan labari zai kama gari, domin an san halinmu. Mun ga zamanin ƙwan salwa, lokacin da aka ce yana maganin kowace cuta har kowa ya buɗe keji. Mun ga tsarin ninka kuɗi na MMM a 2016. Mun ga matasa da dattawa suna haƙar kuɗin intanet na Pi a waya, mun ga yadda aka dinga ƙwanƙwasa wasan Hamster a 2024 har yatsu suka yi kanta. In aka ce kyankyaso ne na gaba, kafin mako ya zagayo an kafa ƙungiya, an zaɓi shugaba da ma'aji da jami'in hulɗa da jama'a, an buga fom, an sa ranar taron ƙara wa juna sani a otel. Za a sami mai cewa nasa 'yan waje ne, na wane kuwa na masai ne. Tun ba a sayar da ko ɗaya ba ƙungiyar za ta dare biyu saboda kuɗin rajista. Mai saye kuwa babu wanda zai tambaya ina yake, alhali kadangarun Kwaja suna kan duwatsu suna kamun kansu, ba su taɓa neman tallafi ba.

Kafin Baffa ya fasa ɗakin Goggo, akwai ƙa'ida ɗaya da ta rusa mana ciniki. Masu wannan kiwo ba sa ba dabbarsu ƙwaron da aka kamo a gida ko a daji, saboda tsoron cuta da kuma maganin ƙwari. Ko karas ɗin da za su ba kyankyason sai sun wanke shi tas, kada a ce an yi masa feshi a gona. Mu kuwa fiya-fiya muke yayyafawa a ɗakin da yara ke barci, mu rufe ƙofa da taga. Wasunmu har a buhun wake suke zuba irin wannan guba don kada ya yi ƙwari, su kai kasuwa, mu saya mu yi alala. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni barkatai. Ke nan abin da Bature ba zai yarda abincin kadangarensa ya lasa ba, shi muke zuba wa manja da yaji mu ce a ƙaro.

Saboda haka shawarata ga matashin da ke neman jari ita ce ya kwafi ƙa'idojin nan duka, ya goge kalmar kyankyaso a ko'ina, ya rubuta sunan iyalin gidansu a madadinta, ya manna a ƙofar kicin. Sakin layin namiji ɗaya ga mata biyar kawai zai tsallake, domin shari'a ta tsaya a huɗu, kuma Baffa ya riga ya fara lissafi.