Tayar Ƙanƙara a Rairayin Guci

Mota mai ƙofa biyu ba ta da daraja a ƙasar Guci. A nan da buhun gero ake auna mota, da kuma yawan mutanen da za a iya cusawa ranar kasuwa, shi ya sa tun ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya shigo gari da tasa, mutane suka yanke cewa rabin mota aka sayar masa. Fijo 504 ce, amma ba irin wadda kowa ya sani ba, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Wannan ƴar ƙasa-ƙasa ce mai dogon hanci, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, ta fito a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. Irinta mai babban inji ce ta cinye tseren Safari na Kenya a 1978. A wancan zamani samarin Turawa kan sayi tsofaffin Fijo a Faransa, su keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi. A hannun ɗayansu Baba ya same ta a Damagaram. Ta yi masa aiki iyakar ƙarfinta, sannan ta kwanta a bayan gida gindin goriba, kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai. Ranar rabon gado ƴan'uwana suka ɗauki gonaki da shanu, ni da aka ce na yi lakwal aka bar mini ita, aka haɗa mini da addu'a.

Labarin gyaranta ba na yau ba ne. Makanikin Damagaram ya ci rabonsa, mai fenti ya ci, mai ɗinkin kujera ya ci, ta dawo ja wur tana ƙyalli. Abin da ya rage takalmi. Tayoyin da ke ƙafarta kowace da ubanta: ɗaya ta suɗe sumul, ɗaya an ɗinke gefenta da waya, sauran biyun sun tsattsage saboda rana. Na sa aka kwance su, na ba maƙwabcina mai amalanken shanu sadaka, ina jin kaina babban mutum. Aka ɗora motar bisa kututturan giginya a ƙofar gida, majalisar shayi ta taso daga inda take ta dawo gefenta.

Ban san Guci na da masanan taya haka ba sai a lokacin. Malamai uku ne suka fi ƙarfin murya.

Na farko Mushe, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, wanda ya tono littafin motar daga cikin akwatin Baba ya hana kowa taɓawa. Ya gyara tabarau ya karanta mana 175 HR 14, ya fassara dalla-dalla: 175 faɗin taya ne da milimita, R ɗinkin ciki ne irin wanda Michelin ta ƙirƙiro a 1946, 14 girman wili ne da inci, H kuma na nufin za ta jure gudun kilomita 210 a sa'a guda. A ganinsa babu abin da ya dace da ita sai Michelin XAS, wadda ta fito a 1965, kuma har yau ana yin ta domin masu ajiye tsofaffin motoci.

Na biyu wani tsohon direba ne da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Agadas da Dirku, ba ya magana sai ya kurɓi shayi. Ya ce, "Mushe, daga nan zuwa Dungas a ina za a yi gudun 210? Sai dai in daga sama aka sako ta." Shi bai damu da sunan taya ba. Ya ce a sayi kowace iri, a dai sayi famfo. Babu wanda ya saurare shi, domin shawarar ba ta da tsada.

Na uku yaro ne direban Hilux, wanda ya ce a ɗauko wilin Hilux a ɗaura mata a huta. Aka nuna masa cewa Fijo ƙusa huɗu gare ta, Hilux ɗinsa shida. Ya ce mai walda zai huda. Aka ce tayar ba za ta shiga raminta ba. Ya ce a yanke gefen motar kaɗan. Fentin nan ko wata bai yi ba. Na ce a ba shi shayi ya tafi.

Zuciyata tana wajen Mushe, har ɗansa da ke karatu a Faransa ya aiko da farashi ta WhatsApp. Muka buga lissafi, yuro ɗaya sefa 656, aka ƙara kuɗin jirgin ruwa zuwa Kwatano, aka ƙara na duwan. Uwargida tana bayan zana tana ji. Ta leƙo ta ce, "Malam, in ka saya, ka tambaye su ko ana tuƙa tuwo da ita." Maganar XAS ta mutu a nan.

Da can, in ji dattawa, mutum kan tsallaka Nijeriya ya sayo sabuwar taya ƴar gida. Amma Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma hannun sababbi ƴan Asiya da kuma gwanjon Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko daga wace ƙasa suka fito. Wajen gwanjon na nufa, a wata kasuwar bakin iyaka. Na canza sefata zuwa naira, aka miƙo mini dami har aljihu ya ƙi rufuwa, na shiga layin masu taya ina tafiyar attajirai.

Mai shagon ya hango aljihun kafin ya hango ni. "Alhaji, sannu da zuwa! Yaro, kawo wa Alhaji kujera da ruwan sanyi." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban ga dalilin gyara masa ba. Ya shiga can ƙurya ya mirgino wata taya baƙa ƙirin, an shafe ta da mai tana walƙiya. Zanenta zurfi gare shi, yatsana ya shige har gaɓa, kuma kowane tudu na zanen an tsattsaga shi da ƙananan layuka sirara masu lanƙwasa. Na danna da farce, robar ta lotsa. A gefenta akwai hoton dutse mai kai uku, da wani abu mai tsinke shida a tsakiyarsa.

"Wannan fa?"

"Alhaji ai ka san kaya. Dutsen nan, ma'ana tudu ba ya gagararta. Wannan kuma tauraro ne. Janar ce a cikin tayoyi."

Na ga wasu lambobi huɗu cikin ɗan zagaye, 4209. Ya ce lambar kwantenar da ta zo a ciki ce. Na ce to a ba ni biyar, har da safaya. Ya dube ni da tausayi, ya ce huɗu gare shi, kuma mai irin wannan taya in ya ɗauki safaya ya nuna ƙarancin tawakkali. Na biya, na ƙara wa yaron na goro.

Mai facin garinmu ba shi da ma'aunin iska, kuma yana ganin neman sa raini ne. Yakan buga iska, ya ɗauki ƙarfe ya ƙwanƙwasa taya, ya karkata kai ya saurara. Da aka ɗaura, wilin Baba da ya sha duwatsun Sahara ya ƙi riƙe iska, sai aka zura tib a ciki. Ya yi ta bugawa yana ƙwanƙwasawa har sautin ya yi masa daɗi, irin sautin da yake nema a tayar babbar mota mai ɗaukar rake. Mushe ya tafi Magarya karɓar fansho, bai ga kayan ba. Tsohon direba ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Ka sayi famfon?" Na ce in sha Allahu.

Sai ga bikin ƴar ƙanwata, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Dangi suka ce ai ba a yi motar da za ta kai amarya ba sai jar motar nan. Waɗanda suka yi shekaru suna kiranta rabin mota su ne suka ɗaura mata balan-balan. Shigar da Gwaggo kujerar baya ya ɗauki lokaci: aka kwantar da kujerar gaba, ta sa kai, ta fasa, ta juyo ta sa ƙafa, mata biyu suna turawa tana tsine wa Bature. Aka ƙara wata gwaggon, aka matsa ƙawar amarya a tsakani, amarya a gaba lulluɓe tana kukan al'ada. Ƴan kabu-kabu suka jeru gaba da baya suna oda.

Mun fita gari lafiya. A tudun rairayi na farko janar ta tsaya. Na taka mai, ƙafafun baya suka yi ta haƙa, zanen nan mai zurfi yana kwasar rairayi yana watsa wa ƴan rakiya, har cikin motar ya zauna a ƙasa daram. Samari suka tura, ba ta motsa ba. Can sai ga tsohon direba a bayan wani babur. Bai ce wa kowa komai ba. Ya tsuguna, ya karyi tsinken ashana, ya danna bakin bawul. Iska ta fara fita, fiiii.

"Baba, iskar nan da kuɗi na saye ta!"

"Ɗana, rairayi ba ya son taya mai girman kai."

Ya bi su huɗun ya sassauta har suka yi tumbi. Gaskiyarsa ce kuwa: taya in ta yi tauri, ɗan wuri kaɗan take takawa, nauyin mota ya taru a nan ta nutse, in aka rage iska sai tafinta ya baje ya yi tsawo, ta hau bisa rairayin. Aka tone gabanta, aka shimfiɗa kaba, ya ce in sa giya ta biyu in taka a hankali. Ta fito sumul. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya ɗaga murya yana faɗin wani abu game da famfo, amma guɗar ta rufe shi, ni kuma na riga na ba ta wuta.

Bayan tuddan akwai fako mai tauri, shimfiɗaɗɗe, irin wurin da mai mota ke tuna cewa tasa ta tsere ce. Na tuna. Abin da taya mai ƙarancin iska ke yi a wuri mai tauri shi ne lanƙwashewa da miƙewa a kowane juyi, gefenta ya ɗau zafi, tib yana gugar ta daga ciki, ga rana daga sama, ga ƙasa ta gasu. Allura ta kusa 80 sai na ji harbi a bayana. Ƴan kabu-kabu suka watse cikin gonaki, wani ya yar da babur ya ruga a ƙafa. Gwaggo ta saki salati tana neman ƙofar da babu. Kafin in tsayar da motar ta biyun ma ta tashi. Muka tsaya a karkace, ƙura ta lulluɓe mu, balan-balan ɗaya ya fashe don kansa, Gwaggo ta sake sabon salati.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amarya dai kafaɗunta na rawa ƙarƙashin mayafi, ƙawarta tana rarrashi, sai da na matsa na gane ba kuka take ba.

Muna nan tsaye sai ga maƙwabcina ya taho da amalankensa ɗauke da kayan gara, bijimai biyu suna tafe ba gaggawa. Na dubi ƙafafun amalanken. Ga mai suɗaɗɗen kai a dama, ga mai ɗinkin waya a hagu, suna juyawa lafiya lau. Ya yi mini sannu har sau uku, da ladabin da ya fi zagi ciwo. Aka sauke Gwaggo da dabara, aka ɗora amarya bisa buhun shinkafa, aka wuce da ita gidan miji. Ni na kwana gadin mota.

Washegari Mushe ya iso, ya tsuguna da tabaransa gaban gawar tayar. Ya daɗe shiru. Sannan ya ce lambar kwantenar nan ranar haihuwa ce: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato mako na 42 na 2009, kuma haka ake rubuta wa kowace taya tun shekarar 2000. Masu ƙera taya da kansu suna cewa in ta shekara 10 a sauke ta, ko zanenta bai taɓu ba. Tauraron janar kuma hoton ƙanƙara ne mai saukowa daga sama. An yi robar da taushi ne don ta kama hanya in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ƙananan tsagogin kuma na cizon ƙanƙara ne. A Jamus doka ce a sa irinta in hanya ta daskare. Wani Bature ya gama hunturunsa da ita, ta tsufa a ɗakin ajiya, ta hau jirgin ruwa, ta zo Guci a watan Afrilu ta kai amarya.

Daga baya Kano na je, na sayi sababbi ƴan Asiya, 185 R14 C, irin na ƙananan bas Hiace masu kaurin gefe da ƙayar aduwa ba ta huda su da wuri. Guda biyar. Na sa mai shagon ya juyo kowace na karanta lambobinta huɗu da bakina, har ya tambaye ni ko ni ma'aikacin gwamnati ne. Na haɗa da famfon ƙafa da ma'auni. Yanzu motar tana tafiya, sai dai kowane ɗan dutse sai ya gaisa da ƙashin bayana, kuma Mushe ya ce an sa wa ƴar Pininfarina takalmin ɗan dako, ba zai ƙara shiga ba. Yana shiga duk ranar fansho.

Tayoyin ƙanƙarar mai faci ne ya karɓe su a bakin kuɗin aikinsa. Tib ɗin ya zama guga biyu a rijiyar unguwa. Sauran ya yanka takalma, kuma da yake robar na da taushi, makiyaya suka yi rububinsu. Wanda hoton dutsen ya faɗo a kansa ya fi tsada da dala hamsin, domin yana gaya musu janar ne. Shekaranjiya ya tare ni a hanyar masallaci, ya ja ni gefe, ya ce in Allah ya sa zan koma wajen mutumin nan, in taimaka in sayo masa guda takwas.