Alhajin Agege Ya Sayi Rairayi da Dala

A da, idan Allah ya buɗa wa Bahaushen Agege, kowa ya san layin da kuɗin za su bi: kujerar Makka, sai gida a mahaifa, sai ƙarin aure in uwargida ta yi sake. Yanzu an samu ƙarin layi na huɗu, wai shi hutu a sahara. Alhaji zai bar Zango da asuba, ya haye gadar Pen Cinema, ya hau jirgi a filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, ya sauka a Dubai ko Marakesh ta Maroko. Daga nan mota ta kwashe shi zuwa wani ɗan ƙaramin otal a bakin hamada, mai ɗakunan da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Bangon na laka ne, rufin na itacen dabino, ƙasa an shimfiɗa tabarma, an rataye fitilar ƙwai a ƙusa, ga randa a lungu, ga raƙumi a ɗaure a ƙofa yana tuƙa. Duk wannan da dala ake biya, kuma kwanan dare ɗaya. Alhaji ya dawo yana ba 'yan majalisa labari har da rantsuwa, cewa bai taɓa ganin wuri mai tsari irin wannan ba, alhali a ɗaki irinsa aka yanke masa cibiya.

Ai ba ƙarancin rairayi ne ya kawo kakanninmu Ikko ba. Goro ya kawo su, domin tun farkon ƙarni na 20 gonakin Agege suka shahara da shi, kuma da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 sai huhun goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kudu. Bayan su aka samu waɗanda farin 1973 da na 1984 suka koro, mutanen da suka ga yashi ya binne musu gona suka ɗaure ƙunshinsu suka nufi inda ake ruwa. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. To jikan irin waɗannan mutanen ne yau yake canza naira a hannun ɗan canji don ya je ya kwanta a kan abin da ya kori kakansa. Ni dai a ganina ba hutu Alhaji yake saya ba, kuma ba sha'awar hamada ce ta kama shi ba. Farashi yake saya. Laka in kyauta ce talauci ce, in an rubuta mata kuɗi da dala a jikin takarda sai ta zama wayewa.

Hujjar tana nan a gidansa na Arewa. Ranar da kuɗi suka fara zama a hannunsa, aikin farko da ya yi shi ne aika wa ƙaninsa a rushe soron mahaifinsu, mai tubali da azara da zankwaye, wanda ke da sanyi a bazara da ɗumi a hunturu. Aka maye shi da bulo da kwano, gidan da in rana ta take ko kaza ba ta yarda ta shige shi. Aka yi walima, aka ce Alhaji ya fitar da dangi kunya. Hajiya kuwa, wadda ta durƙusa kusa da randar otal aka ɗauke ta hoto tana murmushi, ka gwada kai 'yarta ɗakin laka ranar jere, ka ce ga tabarma ga fitilar ƙwai. Kafin la'asar gwaggwanni sun kwashe kayan ɗaki sun mayar gida, an fara maganar a ba su takardarsu. Raƙumin ma haka. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari cike take da raƙuma, kuma Alhaji ya sha ratsa su yana toshe hanci da gefen babbar riga, yana faɗa wa direba ya ɗaga gilashi. Sai da Balarabe ya ce hawa na minti goma kuɗi ne, sannan ya gane dabba ce mai daraja.

Inda abin ya fi ban dariya shi ne hajar da ƙaramin otal ke sayarwa ba ta dace da mai sayen ba ko kaɗan. Shiru yake sayarwa, da kaɗaici, da rashin mai ƙwanƙwasa ƙofa. Bahaushen Zango kuwa a wani irin masauki ya tashi. Falke ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, ya sauka gidan fatomansa, a ba shi wurin kwana a zaure tare da baƙi bakwai, a kawo tuwo a akushi ɗaya, maigida ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, ladarsa ta fito daga la'ada. Wani masani mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a 1969 kan yadda wannan tsari ke tafiya a unguwar Sabo ta Ibadan, kuma irinsa ne ya gina Zangon Agege. A nan baƙo ba ya kwana shi kaɗai sai in ba shi da lafiya. Mutumin da ya saba da haka ka kulle shi a ɗaki mai kyandir, ka manna takarda cewa ba a shigo da baƙi kuma ba a ɗaga murya bayan ƙarfe goma, ai ɗauri ka yi masa, illa dai shi ne ya biya kuɗin gidan yarin.

Daren farko yakan daure. Da safe a kawo karin kumallo, 'ya'yan zaitun huɗu da ɗan burodi mai tauri da kofin gahawa, ya duba ya sake dubawa ko sauran na tafe. Nan take ya tuna burodin Agege da shayi mai kauri da wainar ƙwai. Ya shiga banɗaki ya tarar da tawul shida babu buta ko ɗaya, sai gorar ruwan sha ta samu sabon aiki. Kafin azahar an buɗe jakar da Hajiya ta cusa wa kilishi da dambun nama da yaji, ƙamshin daddawa ya kori turaren otal. Sauran yinin a ɗaki ake yin sa, labule a sake, na'urar sanyi a ƙure, waya a kunne, ana tambayar yara nawa dala ta kwana, tirela nawa ta sauke a mayankar Oko-Oba. Saharar da aka zo dominta sai rana ta kusa faɗuwa ake leƙa ta, na kwata ɗin awa. A naɗa rawani irin na Buzaye, a juya wa kyamara baya, a kalli nesa kamar mai lissafin duniya, a koma ɗaki a zazzage takalmi ana tsaki.

Wani zai ce, to malam ina ruwanka, kuɗinsa ne, ba sata ya yi ba. Gaskiya ne, kuma wanda ya shekara yana shaƙar hayaƙin danfo tsakanin Oshodi da Abule-Egba, janareton maƙwabci na yi masa kiɗa har asuba, ya cancanci ya huta. Ba hutun nake ƙi ba, cewa nake ba a yi shi ba. Gwajin mai sauƙi ne. A ce wa Alhaji otal ɗin na nan yadda yake, an ma rage masa rabin kuɗi, amma za a karɓe waya a ƙofa, babu hoto, babu ɗorawa a WhatsApp, kuma in ya dawo ba zai gaya wa kowa ya je ba. In ya amince, na janye maganata. Amma mai karatu ya san amsar, domin shi ma yana cikin waɗanda aka turo wa hoton sau uku.

Hujja mai ƙarfi ita ce ta tsaro da gyara. Za a ce can akwai wuta da ruwa da kwanciyar hankali, nan kuwa hanya ba ta biyuwa. Wannan ba ƙarya ba ne. Agadas ta Nijar tana da duk abin da ake nema: tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar laka mai tsawon mita 27, ƙananan masaukai na ƙasa, har gidan da Heinrich Barth ya sauka a 1850, ga Hausa ana yi a kasuwa ba sai da tafinta ba. Amma tawayen 2007 ya kori masu yawon buɗe ido, juyin mulkin 2023 ya sa an rufe iyaka wata da watanni. Tuddan yashin Tulo-Tulowa a Yusufari ta jihar Yobe su ma ba kowa zai tura iyalinsa can ba. Sai dai wannan uzuri ya zo a makare. Shekarun 1980, lokacin da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa Agadas, Turawa na rububin ɗakunan laka, hanya lafiya lau, alhazan Ikko nawa suka je? Gidan Makama a tsakiyar Kano yake, hasumiyar Gobarau a tsakiyar Katsina, ba ɗan bindiga a bakin ƙofarsu, amma 'yan makaranta ne kawai ake tisa ƙeyarsu su shiga. Kuma da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take, ta daina ba 'yan Nijeriya biza daga 2022 har tsakiyar 2024, ba a ga an karkata gida ba. Haƙuri aka yi, ana addu'a, har aka buɗe.

Cutar kuma tana yaɗuwa ƙasa. Yaron shago da ba shi da kuɗin jirgi ya ari rawani ya tafi bakin teku a Badagry, ya ce wa mai ɗaukar hoto ya yi dabara kada ruwa ya fito. Amarya ta ƙi tarewa sai an yi mata alkawarin sahara, kamar wata 'yar'uwarta. An fara zubin adashi na musamman.

Saboda haka kira nake ga attajiranmu masu neman inda za su zuba jari. Magina ba su ƙare ba, jikokin Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya suna nan, laka kuwa ba a shigo da ita daga waje. Ku gina ɗakuna goma a bayan Katsina ko Damagaram, ku shafe su da makuba, ku sa wutar sola da ruwan famfo, ku ɗaure raƙumi a ƙofa. Ku fara gayyato Bature ɗaya ya kwana a ɗauke shi hoto. Alhajin Agege zai zo da kansa, amma da sharaɗi biyu: ku rubuta kuɗin da dala ba ragin ko sisi, kuma ku gargaɗi mai karɓar baƙi kada ya kuskura ya gaishe shi da Hausa.