Bazazzage Ya Yanka Tef, Yana Cigiyar Abin Awo

Ɗan Zazzau, bawana, ina gajiyar hawan dutse? Labari ya iso Kano, kuma daga bakin uwargidanka ya fito, don haka kada ka fara rantse-rantse. An ce ranar Asabar, hantsi bai ko dubi ludayi ba, aka hango ka kana haki a kan Kufena, jaka a baya, a hannunka wani abu mai kama da ƙashin kifin da aka gama cinyewa, kana nuna sama da shi. Yara sun biyo ka har gindin dutsen. Wata tsohuwa ta ce mai neman ruwan rijiyar burtsatse ne, wani ya ce a'a, zinare ake nema. Babu wanda ya kawo cewa malamin makaranta ne, mai iyali, yake ƙoƙarin jin muryar mutanen da ke shawagi kilomita 400 sama da kansa.

Bari in fara wanke ka a wurin masu karatu, kada su ce a kai ka wurin ruƙiyya. Abin da ya kama ɗan'uwanmu tsohuwar sha'awa ce da ta game duniya: mutum ya mallaki ƙaramar tashar rediyo tasa, ya yi magana da irinsa a wata ƙasa, babu kati, babu data, babu sabis. Kowa da lambar kiransa, ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Ghana da 9G. Akwatin rediyon saye ake yi, amma eriya, a nan ne kowa yake nuna basirarsa, musamman irin wadda za a naɗe a jefa a jaka ko a ɗora a kan mota. To a nan ne kuma Bazazzage ya nuna tasa.

Tef ɗin da ka yanka nawa ne. Na faɗa a gaban jama'a don a shaida. Tef ɗin awo na ƙarfe, irin na kafinta, mai mita uku, na saye shi da kuɗina a Ƙofar Ruwa. Ka zo Kano ɗaurin aure, ka ce in ara maka za ka auna labule. Ashe labulen shi ne eriyar nan mai haƙarƙari uku, wadda masu wannan sha'awa a Amurka suka saba yi da tef don farautar tashar da aka ɓoye a daji. Dabarar tana da kyau, ba zan ƙi gaskiya ba: ƙarfen tef in ya bugi reshe lanƙwasawa yake ya koma ya miƙe, saɓanin sandar alminiyam da in ta karye ta tafi. Ka yanka na baya santimita 105, na tsakiya gida biyu 45 da 45, na gaba 89, ka kankare fenti inda za ka liƙa waya da dalma. Duk daidai. Mai lissafi ya tara, 284 ke nan. Abin da ya rage a tef ɗina santimita 16.

Sai aka zo jera su a kan bututun roba na famfo, ana son tazarar santimita 20 tsakanin na baya da na tsakiya, 32 kuma zuwa na gaba. Nan aiki ya tsaya cak, domin babu abin awo a gidan. Kwana huɗu kana bugo mini waya in aiko maka da wani tef ɗin a motar haya. Malam, mutumin birnin ilimi, lambobin fa suna nan rubuce ɓaro-ɓaro a jikin guntayen da ka yanka, kowane ɗaya ma'auni ne mai zaman kansa. Sai da ɗiyarka ta aji huɗu ta ɗauki guntu guda ta ɗora a kan bututun ta ce, "Baba, ga ashirin nan." Yarinyar can jinin kakarta Bakanuwa ne yake aiki a jikinta.

Abin da na daɗe ina faɗa maka ke nan: eriya awo ce, kuma awo gadon Bakano ne. Mu da muka tashi da mudu da tiya da sandar awon yadi a Kwari mun san cewa ɗan yatsa ɗaya in ya ƙaru ko ya ragu, ciniki ya ɓaci. Kai kuwa ka haddace littattafai, amma in aka ba ka waya sai ka ce "ƙara kaɗan, tsawo ai ba ya ɓaci." Yana ɓaci. Duk Bahaushen da ya girma yana jin ana cewa "a kan mita 19 da 25 da 31, gajeren zango" ya riga ya san rabin karatun ba tare da ya sani ba. Mitocin nan tsawon igiyar rediyon ne da ke tafiya a iska, kuma eriya mafi sauƙi rabin wannan tsawon take so. Lissafin ɗan tireda ne: ka raba 143 da yawan megahaz, abin da ya fita shi ne tsawon wayarka a mita. Zangon mita 20 yana wajen megahaz 14, ke nan waya mita 10 da ɗan ɗoriya, biyar dama, biyar hagu, wayar da ke zuwa rediyo a tsakiya.

Ka tuna bara? Ka kwance wayar shanyar gidanka, ka auna ta da taku, ka ce taku goma sha biyu na Bazazzage ai mita goma ne. Ka ɗaura dutse a bakinta ka wurga kan darbejiya, dutsen ya wuce reshen ya sauka a kan kwanon rufin maƙwabci, aka fito da taɓare. Da aka sasanta, ka danna maɓallin magana, allurar da ke nuna ƙarfin da ya komo baya ta tashi ta kwanta a ja. Wayar da ba ta dace da zango ba, ba ta karɓar duk abin da rediyo ya tura mata, sai ta maido masa, shi kuma ya yi ta ɗaukar zafi. Ka ce aljanun bishiyar ne. Da Allah bai sa rediyon naka mai rage ƙarfi da kansa ba ne, da yanzu yana wurin mai gyara a Sabon Gari, ana ce maka kayan sai an yi oda. Kuma ina roƙonka da gaske, wannan ba wasa ba ne, in za ka sake wurga dutse ka fara ɗaga kai ka duba wayar lantarki, in hadari ya haɗu kuma ka sauko daga Kufena.

Ta mota kuwa, wannan ita ce ta sa na yi dariya har na ƙware. Ka ga hoton eriya mai gindin maganaɗisu a kan rufin mota, tsinke guda, kusan rabin mita, na zangon mita biyu. Ka haɗa taka da tsinken walda da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Mota ba ka da ita, sai ka ɗauki shatar Keke Napep. Rufin keke tamfol ne. Maganaɗisu da tamfol ba su taɓa gaisawa ba, kafin ku kai Tudun Wada eriya tana kwalta, kana ihu a tsaya. Ko da ta zauna ma ba za ta yi aiki sosai ba, domin tsinken nan rubu'in zango ne kawai, sauran rabin eriyar rufin ƙarfen motar ne. Da na bayyana maka haka sai ka shiga ɗakin uwargida ka ɗauko babban farantin ƙarfe na kayan jere, ka ɗaure shi a kan keke da robar tayar babur. Ya yi aiki, na yarda. Amma mutanen Sabon Garin Zariya sun ɗauka ɗan talla ne ya yi arziki, har wani ya tsayar da ku yana tambayar nawa ne tsire.

Ka san sunan eriyar da ka hau dutse da ita? Yagi ake ce mata. A shekarar 1926 aka ƙirƙiro ta a jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan, mutum biyu ne, Shintaro Uda da malaminsa Hidetsugu Yagi. Uda ne ya sha yawancin wahalar gwaje-gwajen, Yagi ya rubuta bayanin da Turanci, duniya ta kama sunansa. Tun da na karanta wannan na gane Uda Bakano ne, Yagi kuma Bazazzage. Ni da tef, ni da lissafi, ga shi a Zariya ana ta cewa "eriyar Malam".

To, gani ya kori ji. Na saurari abin da ka naɗo a waya ka turo mini. Tashar sararin samaniyar nan ta ƙasa da ƙasa da ke kewaya duniya duk bayan minti 90 ta ratso ta samanka, ka saita oba-obarka a kan megahaz 145.800, ka bi ta da ƙashin kifinka daga wannan gefen sama zuwa wancan, kuma cikin ƴan mintocin nan kafin ta faɗa bayan dutse, ta shigo tangaram. Tef na ƴan kuɗi kaɗan, bututun famfo, da salatif. Na saurara sau uku, na kuma kira yara na ce su zo su ji abin da bawan gidanmu ya yi. Sai dai a ƙarshen naɗin ana jin ka kana ta doka sallama kana cewa ga Zariya nan, a amsa. Malam, ba ka da lasisi tukuna, kunne kaɗai aka yarje maka. Sa'arka ɗaya, batirin ya riga ya mutu, da duwatsun Kufena kake magana.

Watan cika-ciki ya kusa. In za ka kawo kuɗin shara, ka haɗo da sabon tef, mai mita biyar wannan karon, ribar jinkiri ke nan. Santimita 16 ɗin ma ka zo da su, nawa ne. Uwargida kuma ta ce in gaya maka akwai suna a gidan yayarta ranar Juma'a, farantinta take so, a wanke.