Albasar da Ta Ƙi Yin Kai

Romon da na sha a Jos ne ya ja mini. Wani abokin karatuna ya gayyace ni suna, da dare bayan an watse, sanyin nan na Jos mai shiga ɓargo ya sauko, sai maiɗakinsa ta kawo mana romo da dankalin Turawa a ciki. Ƙamshin albasa nake ji, amma babu yajin nan nata mai sa hawaye, sai wani ɗan zaƙi mai laushi. Na ƙara kwano na biyu ba kunya, na tambayi sunan abin. Aka ce lik. Washegari abokin ya kai ni kasuwar Farin Gada, inda ake jibge kabeji da karas kamar ba a so, ya nuna mini shi ɗaure ƙulli-ƙulli: doguwar farar ƙafa kamar kyandir, da koren ganye mai faɗi, ba mai rami irin lawashi ba. Da mai kayan ya faɗi kuɗin ƙulli ɗaya, sai malamin lissafin da ke cikina ya farka. Ina da ɗan fili bayan ɗakin girki a gidana na Zariya, taku shida da taku huɗu, babu mai zama a kansa sai tsohuwar taya da kajin uwargida. Na sayi fakitin iri na jefa a aljihu.

Mako biyu na yi ina karatu a waya. Na gano ɗan uwan albasa da tafarnuwa ne, amma shi ba ya yin kai. Farar ƙafar ake nema, ita ma ba kara ba ce, gindin ganyayyaki ne suka nannaɗe juna, rashin ganin rana ke hana su yin kore. Na gano mutanen yankin Wels na Birtaniya sun mai da shi tambarinsu, suna maƙala shi a riga ranar 1 ga Maris, har an taɓa buga hotonsa a jikin kwabon fam ɗaya na 1985. Na gano Nero, sarkin Rum da ya hau mulki a shekara ta 54 miladiyya, yana cinsa da mai don muryarsa ta yi daɗi. Duk na kwashe na zuba wa uwargida tana tsince shinkafa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "To Malam, kai ma waƙar za ka fara?"

Na ce kimiyya nake yi mata bayani.

Ta ce, "Albasar da ba ta kai, ai lawashi sunanta. Shi kuwa kyauta mai kayan miya ke ƙara mini."

Ƙarshen Oktoba, da iska ta fara juyawa, na huda tsohon baho, na cika shi da ƙasar bayan gida da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu. Irin baƙi ne, ƙanana, ba ka raba shi da irin albasa. Na ja layi da ɗan yatsa, zurfin santimita ɗaya, na barbaɗa rabin fakitin, na rufe. An ce sai kwana 10 zuwa 14 yake tsirowa. Ni kuwa a kwana na biyar sai ga tsiro, kore shar, miƙe kamar mashi. Na kira yara su zo su ga yadda ƙasar Zazzau ta ƙaryata littafin Bature. Safe da yamma ina ban ruwa, har magana nake yi musu.

Wajen kwana na goma sha biyu wasu 'yan siraran abubuwa suka fara leƙowa a tsakani, kamar gashin jariri, kowanne a lanƙwashe biyu kamar mai ruku'u, in ya miƙe sai ka ga ɗan baƙin abu a kansa kamar hula. Na ce lallai ciyawa ba ta da kunya. Kwana uku a jere, bayan sallar asuba, nakan tsuguna da tabarau a hanci ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada in taɓa saiwar amfanin gonata.

Rana ta huɗu Baba mai lambu ya shigo kawo wa uwargida alayyafo. Dattijo ne da ya shekara fiye da shekaruna yana noman rani a bakin Kubanni. Na ja shi da alfahari zuwa gaban baho. Ya daɗe yana kallo, ya gyara hularsa.

Ya ce, "Malam, aya-aya kuma yanzu kuɗi take yi?"

Na ce wace aya-aya?

Bai amsa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin 'yan siraran da na zubar a gefe, ya murje shi tsakanin yatsu biyu, ya kai mini hanci. Albasa. Sak albasa. Ita kuwa wadda na yi kwana goma sha ɗaya ina yi wa hidima, ya tuge guda, sai ga ɗan ƙwallon nan baƙi a saiwarta. Daga ɗakin girki na ji tukunya ta faɗi, kuma na san ba santsi ne ya kayar da ita ba.

Na sake shuka ragowar rabin a tsakiyar Nuwamba. Wannan karon ƙadangaru ne suka samu labari. Wani jan gwada yakan zauna bisa katanga yana gyaɗa mini kai kamar mun yi yarjejeniya, in na tafi makaranta ya sauko da iyalinsa. Na cire gidan sauron ɗakin baƙi na lulluɓe bahon, aka zauna lafiya.

Ƙa'ida ita ce a yi dashe bayan mako 8 zuwa 10, lokacin da tsiron ya kai kaurin fensir. Nawa a mako na goma mafi ƙibarsu bai wuce tsinken tsire ba, amma hunturu na shirin tafiya, ba zan jira ba. Na ƙirga, 47. Dashen lik kuwa shi ne inda hankalin manomin albasa ke ƙin yarda. Ana huda rami mai zurfin santimita 15, tazarar santimita 15 tsakanin rami da rami, 30 tsakanin layi da layi. A ɗan datse saiwar, a rage bakin ganyen, a jefa tsiro ɗaya cikin kowane rami har sai kansa kawai ke leƙowa. Sannan, a nan ne maganar take, ba a mayar da ƙasa. Ruwa kawai ake cika ramin da shi, shi zai wanko 'yar ƙasar da za ta rufe saiwa, sauran sararin kuma na ƙafar ne, ta yi ƙiba a cikin duhu, ta fito fara.

Abin huda ramin ne ban tanada ba. Na gwada ƙotar fartanya, ta yi kauri. Na gwada sandar mofa, ta karye. Uwargida ta tafi biki, na leƙa ɗakin girki, sai idona ya faɗa kan muciya. Wallahi kamar don wannan aikin aka sassaƙa ta. Rami 47, kowanne sumul kamar an auna da ma'auni. Na wanke ta da omo sau biyu na mayar inda take.

Da magariba ana talge na ji an ce, "Malam! Me ya kai muciyata garka?"

Ban yi musu ba. Washegari na sayo sabuwa, tsohuwar ta zama tawa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Kwana biyu da dashe sai ga Inna, surukata, ta zo duba jikoki. Inna 'yar Aliero ce ta jihar Kebbi, garin da in an ce albasa a ƙasar nan sai an ambace shi. A cikin fangalin albasa ta yi rarrafe. A wurinta, kuma gaskiyarta ce in albasa ake magana, dashe sama-sama ake yi, don kan ya samu wurin buɗewa a fuskar ƙasa. Abu na farko da ta fara nema shi ne gidan sauron ɗakin baƙi. Na biyu kuma, da ta zagaya alwala, ta ga jarirai 47 kowanne a cikin rijiyarsa.

Na dawo daga makaranta na tarar da fangalina a shafe kamar tabarma. An ciro kowane tsiro an dasa shi a sama, an danne gindinsa da kyau, an yayyafa toka. Aiki ne na gwani, ba ƙarya. Inna na zaune a inuwa tana jan carbi.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Na ga aikin yara a bayan gida, sun binne maka albasa da ranta. Na gyara."

Wanda ya san tsakanin Bahaushe da surukarsa ya san ba ni da bakin cewa ni ne yaran. Na dubi ƙasa na ce, "Allah Ya saka da alheri, Inna. Allah Ya ƙara girma."

Ƙarfe ɗaya na dare na fito saɗaf-saɗaf da muciyata, fitilar waya a baki, na sake huda ramuka, na mayar da kowa rijiyarsa. Da asuba Inna ta zagaya, ta yi salati, ta ce lallai gidan nan da gafiya. Ta sake ɗago su. Dare na biyu na sake saukar da su. Haka muka yi kwana uku, ni da ita ba wanda ya ce wa wani uffan, da safe mu gaisa cikin mutunci, su kuwa bayin Allah suna hawa suna sauka kamar guga. A dare na uku ɗan maƙwabci ya leƙo ta katanga, ya ga malamin makaranta tsugune cikin duhu da muciya yana binne abubuwa yana ƙirgawa a hankali. Da azahar a masallaci na lura sahun da nake ya yi sarari ta dama da hagu. Bayan an sallame liman ya riƙe hannuna, ya yi mini nasiha mai tsawo a kan dogaro ga Allah, bai ambaci komai ba.

Uwargida ce ta raba faɗan. Ta ce, "Malam, ko ka bar mata albasar nan ko ka bar mana unguwar." Na bari. Lokacin 19 suka rage, a dashe irin na Aliero.

Bayan Inna ta koma sai na bi ɗaya hanyar da masana suka yarda da ita, wato tara ƙasa a gindi kaɗan-kaɗan yayin da tsiron ke girma, kamar yadda ake yi wa dankali. An yi gargaɗin kada ƙasa ta shiga tsakanin ganye. Ni da fartanya nake yi, cikin sauri, kafin ƙararrawar makaranta.

Sai bazara ta kawo kai. Jos na bisa tsayin mita 1,200 daga teku, Zariya kusan rabin haka, kuma lik ɗan sanyi ne. Wannan ban sa shi cikin lissafina na Farin Gada ba. A Afrilu rijiyarmu ta koma laka, na koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Mai kurar har ya daina sallama a ƙofar gida, kai tsaye yake wucewa bayan ɗakin girki yana tambayar yaya masu jiki.

Cikin Mayu na tuge guda 11. Mafi girmansu kaurin babban yatsana, farin kuma bai fi tsawon ɗan ali ba. Na hana kowa taɓawa, na ce ni zan yi romon da hannuna. Na ɗauraye su ta waje tas, na yayyanka. Ashe tsaga shi ake yi gida biyu a tsaye, a buɗe ganyen ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ruwa, don duk ƙasar da ta shiga tana nan a ɓoye tsakanin zobe da zobe. Ƙamshi dai ya tashi irin na Jos, har uwargida ta leƙo. Aka zauna, aka yi bismilla. Cokali na farko na ji ƙaras a haƙori. Na dubi kowa, kowa na tauna a hankali kamar mai ciwon dasashi.

Autana ne ya fasa. Ya ce, "Baba, miyar tana magana."

Da daddare Inna ta bugo waya, uwargida ta miƙo mini da murmushin da ban so ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya albasar taka, ta yi kai?"

Na ce, "A'a Inna, ba ta yi ba."

Ta ce, "Ai na sani. Tun farko zurfi ya yi mata yawa."

Mako biyu bayan haka wani direba ya sauke mana rabin buhun albasar Aliero, kowace kamar dunƙulen hannu, da saƙon cewa in daina wahalar da kaina. Har yanzu ita muke ci.